Sauka Ƙasa, Likita: Kundin Koyon Rumba a Habana

13 ga Janairu, 2024

Yau na fara, kuma yau aka gaya mini ban iya tsayuwa ba. Shekara 26 ina tsaye a kan ƙafafuna, sai ga wata tsohuwa da ko kafaɗata ba ta kai ba ta zagaye ni sau biyu, ta ƙwanƙwasa mini gwiwa da yatsa kamar mai taya kankana, ta ce: "Wannan ai sanda ce."

Shekarata ta huɗu ke nan a Habana, babban birnin Kyuba, ina karatun likita. Tun zuwana nake jin kiɗan rumba yana fitowa daga gidajen haya na unguwar Kayo Weso, irin gidajen da ake kira solar, ɗakuna jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ta kowa da kowa. A ɗaya daga cikinsu malamar tawa take. Kowa Profe yake ce mata, wato malama, ni ma haka. Ni kuma ta raɗa mini "likita", in ta ji tausayina ta ce "ɗana".

Wanda ya ji an ce rumba a gida, Kwango zai tuna, da jita da lanƙwasar murya. To ba ita ba ce. Ta Kwango daga fayafayan wani kiɗan Kyuba da ake kira son ta samo tushe, sunan ne kawai ya bi ta. Ba kuma rumbar Turawa ba ce ta ɗakin gasa, mace da dogon takalmi namiji ya miƙe kamar soja. Wannan ganga ce da murya da sanduna, shi ke nan. Kashi uku ce: yambu mai sanyi, gwagwanko ta namiji da mace, sai kolumbiya mai gudu wadda mutum ɗaya yake shiga fili.

Darasin yau ko taku ɗaya ba a yi ba. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu. Gwiwa a sake. Ƙirji ya ɗan rinjaya gaba, amma daga ƙugu za a karya, kada baya ya yi doro. Gwiwar hannu ta rabu da haƙarƙari, kamar an saka maka ƙwai a hammata an ce kada ya fashe kada kuma ya faɗi. Haka na tsaya kusan minti 20, da hutu a tsakani. Kalma ɗaya take maimaitawa: "Baja." Wato sauka. Na sauka, ta ce sauka. Na ƙara, ta ce ban ce ka zauna ba.

20 ga Janairu

Kwana uku ina hawa matakalar asibiti kamar wanda aka yi wa kaciya. Na san sunan kowace tsoka da ke cinyata, na ci jarrabawa a kansu, amma sai wannan makon muka gaisa.

Yau ta ƙara abin da suke kira muelleo, daga kalmarsu ta sifirin: gwiwa tana ɗan lotsawa tana dawowa ba tsayawa, kamar katifar mota a hanyar ƙauye. Ba tsalle ba ne, kai bai kamata ya riƙa sama da ƙasa ba. Sannan takun farko: dama ta fita gefe ta dawo, hagu ta fita ta dawo, hannuwa su buɗe da fita su rufe da dawowa. A baki abin wasa ne. Da na sa hankali a ƙafa sai gwiwa ta ƙage, da na tuna gwiwa sai hannuwa su zube.

3 ga Fabrairu

An ɗauke wuta, rediyonta bai yi aiki ba, sai ta ce ya ma fi. Ta kira ɗan ƙanwarta, makaɗi ne, ya miƙo mini gajerun sanduna biyu na katako masu kauri. Sunansu kilabe, kuma sunan bugun da ake yi da su ke nan. Ana ɗora ɗaya a kan yatsun hagu, tafin hannu ya yi rami a ƙarƙashi don sauti ya fita, a doka da ɗayar. Na damƙe tawa kamar muciya, ta yi ƙarar busasshen icce. Ya gyara mini riƙo, nan take ta yi ƙara har cikin haƙori.

Bugu biyar ne kawai, uku sannan biyu, a yi ta juyawa har waƙa ta ƙare. Matsalar tana kan na uku. A kilaben son, wanda kunnena ya saba da shi daga salsa a motocin haya, na ukun yana faɗowa inda kake jiransa. A na rumba sai ya yi ɗan jinkiri, ɗan mitsitsi, ya matso kusa da na huɗu. Wannan jinkirin shi ne gishirin abin gaba ɗaya, kuma shi ne hannuna ya ƙi yarda da shi. Duk bayan zagaye biyar ko shida sai in zame in koma son, makaɗin ya ɗaga gira, Profe ta ce daga inda take tsince shinkafa: "Ya gudu."

Na tambaye ta me ya haɗa mai koyon tsayuwa da sanduna. Ta ce wanda kilabe bai zauna a jikinsa ba motsa jiki yake, ba rawa ba. Yanzu a layin biredi ma ina buga shi a cinya.

18 ga Fabrairu, Lahadi

Na je Lungun Hamel kallo, inda ake rumba kowace Lahadi da rana. Mai zane Salbador Gonsales ne ya fara ƙawata bangayen lungun a 1990, har da tsofaffin bahon wanka da aka manna a jikin gini. 'Yan yawon buɗe ido sun cika wurin, da masu neman abin da ke aljihunsu, amma makaɗan ba wasa suke ba. Na sha zuwa a da. Yau ne karon farko da na kalli gwiwoyi maimakon fuskoki.

Ba wanda ya miƙe. Ko waɗanda ke gefe suna amshi, gwiwarsu a sake take. Wani dattijo da farar hula ya shiga yambu, da ƙyar tafin ƙafarsa yake barin ƙasa, amma bayansa duka yana motsi a ƙarƙashin riga, daga ƙugu har wuya, kamar ruwa a cikin salka. Ni da nake ta fama da ƙafa, ashe ƙafa ce mafi ƙanƙantar aiki.

Ganguna uku ne. Biyu, salidor da tres dos, suna riƙe da gindin kiɗa suna amsa wa juna. Ƙaramar, kinto, ita ce mai baki, tana shiga inda ta ga dama. A gefe wani yana kaɗa sanduna a kan guntun gora. Kafin gangunan nan, da akwatuna aka fara: akwatin busasshen kifi mai gishiri, akwatin kyandir, aljihun tebur da cokula. Rumba ta taso ne a ƙarshen ƙarni na 19 a tashoshin jirgin ruwa da gidajen hayar biranen Habana da Matansas, a hannun baƙaƙen fata 'yan dako da talakawan da suke zaune tare da su. Sai a 1886 aka soke bauta a Kyuba, don haka waɗanda suka fara buga akwatunan nan wasunsu da tabon sarƙa suka buga. A 2016 UNESCO ta saka rumba cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da Profe ke ambata da taɓe baki, don ta ce lokacin ƙuruciyarta rawar 'yan iska ake kiranta.

In suka ji daga Najeriya nake, sai su ɗauka Bayarabe ne, su fara jero mini sunayen Shango da Oshun, ababen bautar Yarabawa. Sai in ce daga arewa nake, su yi shiru cikin ladabi. Jinin Kwango ya fi yawa a rumba, daga raye-raye irin su yuka da makuta, sai kuma na Abakwa, ƙungiyar asiri ta maza da aka kafa a garin Regla, kusa da Habana, a 1836, wadda asalinta ƙungiyar Ekpe ce ta yankin Kalaba. Mu dai ba na jin muna da kaso a ciki, kuma ba zan ƙaƙalo ba.

24 ga Fabrairu

Gwiwar dama ta fara ciwo a gaba, ƙarƙashin ƙoƙo. Na duba kaina a madubin ɗaki na gane laifin: ina tura gwiwa gaba, nauyina duka a kan yatsu, dunduniya tana shawagi, ƙugu kuma a tsaye cak bai karye ba. Wato gwiwa ita kaɗai ke ɗaukar kayan da ya kamata a raba mata da ɗuwawu da baya. Da majinyaci ne ya zo mini da wannan da tuni na yi masa wa'azi.

Abin da ya warware mini shi ba a darasi ya faru ba. Na iso da wuri, na tarar da wata maƙwabciyar Profe, tsohuwa sosai, zaune a bakin ƙofa. Ban yi tunani ba na rusuna na gaishe ta, kamar yadda zan gaida kakata a Zariya. Profe ta fito daga ɗaki da ihu: "Tsaya a nan! Kada ka motsa!" Ta zagayo ta dafa bayana. Ɗuwawu ya koma baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, baya a shimfiɗe, wuya a sake. Ta ce mako shida ke nan take neman wannan, a ina na ɓoye shi?

Dariya ta kama ni. Ashe tsayuwar da nake biya a koya mini, tun ina ɗan shekara biyar aka dasa mini ita da rankwashi. Na zauna na tuna yadda Inna take shara da guntuwar tsintsiya, ta karye daga ƙugu bayanta kamar allo, da yadda muke riƙe fartanya a gonar Baba. Jikin ya sani. Makaranta ce da kujera da farar rigar asibiti suka miƙar da ni. Bambancin kawai, a gaisuwa ido yana ƙasa, a rumba kuwa ana ɗaga haɓa. Yanzu in na ji na ƙage sai in ce a raina: gaida surukai, amma ka kalle su.

9 ga Maris

Mun iso inda na san za mu iso. Gwagwanko rawar zakara da kaza ce. Namiji yana zagaya mace yana shashantar da ita, sai ya ɗauki numfashi ya kai mata farmaki da ƙugu, ko da hannu, ko ƙafa, ko ya wurga hankici wajen cinyoyinta. Ita kuma aikinta ta gani kafin ya iso, ta rufe da siket ko da tafin hannu, ta juya ta bar shi da kunya. Sunan farmakin vacunao, daga kalmarsu ta allurar riga-kafi. Da makaɗin ya ji ana bayani sai ya fashe da dariya: ga likita guda an kawo shi a koya masa allura.

Profe ta kira jikarta ta tsaya gabana. Yarinyar ta kama bakin siket da hannu biyu tana jira, ko a jikinta. Ni kuwa gumi ya karyo mini. Na ce Profe, wannan kam ba zan iya ba. Ta ce ba ka iya ba ko ba za ka yi ba? Na ce na biyun. Na yi mata bayani iya Sifaniyancina, cewa inda na fito ko hannun macen da ba taka ba ba ka kamawa, balle wannan.

Na zaci za ta ji haushi. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ai shi ya sa Allah ya yi yambu. Akwai maganar da mawaƙa ke jefawa a cikinta, cewa a yambu ba a allura. Rawar tsofaffi ce, ko ta masu kwaikwayon tsofaffi, mace ce tauraruwa, namiji yana rakiya ne kawai, wani lokaci ya dafa ƙugu kamar mai ciwon baya. Amma ta ja kunnena: kada in ɗauka na sami sauƙi. A gwagwanko gudu yana rufa wa mutum asiri. A yambu komai a fili yake.

Ba na ganin na fi su tarbiyya, in faɗi gaskiya. Na ga yadda matan suke cin maza da dariya a fili, kuma sau da yawa su ke tashi da nasara. Wasansu ne, da dokokinsa. Ni ne dai ba zan iya shiga da zuciya ɗaya ba, kuma allurar da aka yi da rabin zuciya ta fi kowace muni.

Azumi jibi ko gata. Na gaya mata sai bayan Sallah.

13 ga Afrilu

Wata guda ban taka ba. Mun yi Sallah a masallacin Tsohuwar Habana, ɗalibai daga ƙasashe barkatai, aka ci shinkafa aka watse. Na dawo yau ina tsoron komai ya zube. Kilabe yana nan, har ya fi zama. Tsayuwa tana nan. Cinya ce ta koma gidan jiya.

27 ga Afrilu

Kafaɗa. Na roƙi jikar Profe ta ɗauke ni bidiyo da wayata, na kalla a daren nan, na yi da-na-sani. Ƙasa ta fara kama da rumba. Daga ƙirji zuwa sama kuwa kamar wanda ake yi wa awon riga. Kafaɗar hagu tana hawa wajen kunne duk lokacin da na buɗe hannu, kuma hannuwan da kansu nake ɗagawa, kamar tsuntsun roba.

Profe ta tsaya a bayana ta ɗora tafukanta a kan allunan kafaɗata. Ta ce daga nan hannu yake farawa, ba daga hammata ba. In allunan suka matso juna ƙirji ya buɗe, hannu ya bi. In suka rabu ƙirji ya shige, hannu ya dawo. Ta sa na yi ba ƙafa, a zaune a bakin kujera, sau ba adadi. Can sai na ji wani abu ya saki tsakanin kafaɗuna, motsin ya gangara har ƙugu da kansa. Bai fi daƙiƙa goma ba ya tafi. Ta ce ta gani, kada in bi shi da gudu, zai dawo.

Ta ba ni aikin gida: in nemi tsofaffin bidiyon Los Muñequitos de Matanzas, ƙungiyar da ta faro tun 1952, in kashe sauti in kalli bayan masu rawa kawai. Da tsadar intanet ɗin nan, sai dai in kalla da ɗaiɗai.

11 ga Mayu

An yi rumba a tsakar gidan, bikin zagayowar haihuwar wani maƙwabci. Ba 'yan kallo, ba baƙi sai ni. Akwatuna biyu, ganga ɗaya, cokula a gefen kujera, tukunyar miya a kan gawayi. An miƙo mini kwalba na ce ba na sha, aka kawo mini lemo ba tare da wata magana ba.

Aka ɗauko yambu. Mawaƙin ya fara da 'yar waƙar buɗe murya da suke kira diyana, wadda ba kalmomi a cikinta sai la-la da na-na. Jikina ya ɗauka, kilabe yana zaune daram, na ji yau ce ranar. Na rusuna na shiga fili.

Ni kaɗai. Ba wanda ya biyo ni. Mawaƙin ya ci gaba da baitinsa yana kallona ta wutsiyar ido, wata mata ta toshe baki da gefen zane. Makaɗin ya yi mini alama da haɓa in koma. Na koma da baya kamar ɓarawon da aka haska wa tocila.

Ashe ba a shiga sai mawaƙi ya gama baitocinsa ya jefa amshi, jama'a sun karɓa. A nan ne suke cewa rumba ta fashe, a nan fili yake buɗewa. Kafin nan lokacin mawaƙi ne, shiga gabansa kamar ka katse babba yana magana. Wata huɗu ina koyon gwiwa da kafaɗa, ba wanda ya gaya mini, don a wurinsu ko yaro ya sani.

Da amshi ya kama, Profe da kanta ta taso, ta yafa gyale a kafaɗa, ta tsaya gabana ta miƙo haɓa. Na so in noƙe. Ta ce "Taho, ɗana," a hankali yadda ba wanda ya ji. Muka yi kamar minti uku. Ban san me ƙafata ta yi ba. Abin da na riƙe shi ne duk lokacin da na fara miƙewa sai ta ƙara yin ƙasa, dole in bi ta, don ba ka tsaya ƙiƙam a kan tsohuwa tana rusune. Da muka fito wani dattijo ya dafa ni ya ce saura kafaɗa. Ko shi ya gani.

1 ga Yuni

Kolumbiya. Na roƙa ne, ba ita ta kawo ba, kuma ta ce ya yi wuri, amma ta bar ni in ɗanɗana.

Komai ya juye. Kiɗan ya sauya zubi, ana ƙirga shi shida-shida, da gudu. Daga karkarar Matansas ta fito, wajen gonakin rake, kuma a al'ada rawar maza ce ta nuna bajinta, ko da yake yanzu mata ma suna shiga. Har yau suna ambaton wani gwaninta da ake wa laƙabi da Malanga. A nan ƙirji yana tashi, kai a sama, ana taƙama. Na ce alhamdu lillahi, an zo wajen masu miƙewa. Profe ta ce in duba ƙasa: gwiwar tana nan a sake, ƙirjin ne kawai ya hau kanta. Wanda bai sauka ba ba shi da inda zai taso.

Ka'idar ita ce ka gaida ganga in ka shiga, sannan ku yi zance da kinto. Kai za ka yanka motsi, tsayawa kwatsam, ko harbin ƙafa, ko girgiza kafaɗa, shi kuma ya buga daidai kansa. In ya riga ka ya ci ka, in ka yaudare shi ka ci shi. Gwanaye suna yi da wuƙaƙe a hannu, wasu da kofin ruwa a ka. Da na ga na wuƙaƙen a bidiyo 'yan tauri na tuna, yadda kiɗa ke tsima su, ko da yake a nan ba maganar magani, gwaninta ce tsagwaronta.

Makaɗin ya ɗauki kinto ya ce bismilla, kalmar da ya koya a wurina. Na gaida ganga na shiga. Ya zuba mini ido, hannuwansa a sama, yana jira in faɗi wani abu. Na harba ƙafa, ya buga. Na sake harba ta, ya buga. Na uku ya buga tun kafin in ɗaga, na huɗu ma haka, sannan ya ɗora haɓa a kan gangar ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Kalma ɗaya gare ni a yaren, kuma ya haddace ta.

Profe ta ce mu koma yambu har ƙarshen shekara, kolumbiya kuwa minti goma a ƙarshen kowane darasi. Don kafaɗar hagu da wuyan da ke leƙawa gaba, ta ce in riƙa yin takun farko da kofin ruwa a ka. Na ce wannan mai sauƙi ne, na yi tallar ƙosai ina yaro. Na fasa mata kofi ɗaya a take, na biyu ya tsira da tsaga. Kofin gilashi ba abin da ake samu da sauƙi ba ne a garin nan yanzu, na ga yadda ta bi gutsattsarin da kallo.

Jarrabawar ɓangaren yara tana tafe, don haka Asabar mai zuwa ba darasi. Ranar 15 zan koma, jajibirin Babbar Sallah ke nan in lissafi bai sauya ba. Kafin nan sai na nemo kofuna biyu na biyan bashi, da na roba guda ɗaya nawa.